Yadda dutse mai rai ya yi mini fari a akwatin ruwan gishiri

A tsakiyar watan Maris na karɓi kilo 15 na dutse mai rai a tashar mota a nan Gombe, bayan ya kwana biyu a hanya daga Legas a naɗe cikin jaridu masu danshi. Dutsen ragowar ƙashin halittar teku ne da ake kira murjani, mai ramuka, kuma ana kiransa mai rai saboda ƙananan halittu da ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikinsa. Ranar da na jera shi a akwatin gilashi na kiwon kifin teku mai cin lita 200, jikinsa na lulluɓe da launin ruwan hoda da shunayya, amma kafin kwana goma ya fara yin fari kamar alli, har ƙanena ya leƙa ya ce, "Yaya, anya dutsen nan bai mutu ba?"

Maganarsa ta tsaya mini a rai, domin kuɗin da na zuba ba kaɗan ba ne. Launin da ke jikin dutsen wata irin gansakuka ce ta teku wadda ke gina ɓawonta da sinadarin kalsiyam, kuma idan ta sha iska da zafi a hanya, ko haske ya sauya mata farat ɗaya, sai ta mutu ta bar farin ɓawon a manne. Soson teku da tsutsotsin cikin ramuka su ma suna mutuwa, ruɓewarsu ta haifar da amoniya, sinadari mai guba ga kifi, bakteriya su mayar da ita nitirayit, wasu kuma su mayar da shi nitiret. Wannan zagaye yakan ɗauki mako 4 zuwa 6, kuma kafin ya kammala ba a saka kifi. Ma'aunina ya nuna amoniya ta hau sannan ta fara sauka, alamar cewa bakteriyan da ake sayen dutsen dominsu suna nan suna aiki.

Abin da na yi sakaci da shi, kuma ya fi damuna, shi ne zafin bazara. Halittun murjani sun fi son ruwa mai digiri 24 zuwa 26, alhali a Gombe zafin rana a wannan lokaci yakan kai 40, ruwan akwatina kuwa ya riƙa haura 31 da la'asar, musamman idan an ɗauke wuta famfon da ke juya ruwan ya tsaya. Na haɗa famfon da batirin sola, na ɗora ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, nakan kuma jefa gorar ƙanƙara a rufe idan abin ya tsananta. Fankar ta sa ruwa yana ƙafewa da sauri, gishiri kuwa ba ya tashi tare da tururi, saboda haka kullum nakan cike gurbin da tataccen ruwa marar gishiri domin ma'aunin gishirin ya tsaya a 1.025.

Ruwan rijiyar burtsatse da na fara haɗa gishirin da shi ya jawo wata ƙura mai launin ƙasa a kan dutse da yashi, wato ƙananan gansakuka masu cin sinadarin silika da ke cikin ruwan, dole na koma ga ruwan da na'ura ta tace. Na goge ruɓaɓɓun wuraren da buroshi a cikin bokitin ruwan gishiri, na rage kunna fitila zuwa awa huɗu, na kuma riƙe kalsiyam kusa da miligiram 420 a kowace lita ta ruwan, sinadarin magniziyam kuma kusa da 1300.

A mako na shida amoniya da nitirayit suka koma sifili. Yanzu damina ta kama, ɗakin ya yi sanyi, kuma shekaranjiya na ga ɗigo-ɗigon ruwan hoda, kowanne bai wuce ƙwayar gero ba, sun fito a gefen dutsen da ke fuskantar famfo da kuma jikin gilashin baya.