Idan mai rawani ya mutu a tanki: abin da muke dubawa kafin a saka wani kifi

Sana'armu a Birnin Kebbi ita ce haɗa tankunan gilashi na kifin ado da kula da su, a gidaje da ofisoshi da otal. Mafi yawan aikin na ruwan daɗi ne. Tankunan ruwan gishiri kaɗan ne, amma su ke cin lokaci da kuɗi, kuma daga wajen masu su ne waya ta fi shigowa da sassafe: "Malam, kihin ga ya mutu, a aiko min da wani irinai." Amsar da muke bayarwa guda ce: "Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Kada a jefar da gawar, a cire ta a sa a leda, kada kuma a canza ruwan, muna tafe." Ba ma kawo sabon kifi ranar nan, ko da mutum ya ce kuɗin na hannu.

Kifin da ya fi mutuwa a hannun mutane shi ne wanda muke kira mai rawani a shago, saboda doguwar jelar fiffiken bayansa da ke lilo kamar bakin rawani. 'Yan kasuwar Legas suna ce masa Morish aidol, sunansa na kimiyya Zanclus cornutus. Fari ne da baƙi da ruwan ƙwai, bakinsa dogo siriri. Duk wanda ya gan shi a hoto sai ya ce shi yake so. A tekun Indiya da na Fasifik inda yake rayuwa, yini yake yi yana tsattsagar soson teku da ƙananan halittun da ke manne a duwatsu. A tanki babu wannan abinci. Wani ya ƙi ci tun ranar farko har ya mutu cikin mako biyu ko uku. Wani kuma ya karɓi abinci, mai gida ya yi murna, bayan 'yan watanni a wayi gari ya rame ya kwanta, domin abin da yake ci ya cika masa ciki ne kawai bai gina masa jiki ba. Ƙwararrun da ke ƙasashen da ba a ɗauke wuta ma suna shan wahalarsa, balle mu. A ganinmu bai kamata a riƙa sayar wa sabon shiga wannan kifi ba, kuma mun daina yin odarsa.

Gawar ita ke fara ba mu labari. Idan cikin ya lotsa, naman da ke saman idanu da bayan kai ya zube har ana ganin tsarin ƙashi, yunwa ce. Idan jikin a cike yake, baki a buɗe, murfin kunnuwan numfashi a wage, to iska ce ta ƙare a ruwan, kuma mafi yawa zafi ne ko ɗaukewar wuta cikin dare. Kunnuwan da suka yi ja wur kamar an ƙona su suna nuna amoniya, gubar da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi. Ɗigo-ɗigo fari kamar barbashin gishiri a jiki da fiffike cutar farin ɗigo ce. Akwai kuma wadda ta fi ta muni, mai kama da an barbaɗa wa kifi garin hoda, tana sa shi haki yana tsayawa a bakin famfon da ke juya ruwan tanki, ta kashe cikin kwana biyu ko uku.

Daga nan sai ruwan. Muna auna zafi, ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26. Muna auna gishiri da rifiraktomita, giram 35 a kowace lita, wato kusan 1.025 a ma'aunin. Ma'aunin pH, wato na tsamin ruwa, ya zauna tsakanin 8.1 da 8.4, amoniya da naitirait sifili, naitiret ƙasa da miligiram 20 a lita; waɗannan biyun su ne abin da amoniya ke rikiɗewa ta zama. Dalilin da ya sa muke roƙon kada a canza ruwan ke nan: in an zuba sabo kafin mu iso, an wanke shaidar.

Zafi shi ne babban abokin gabarmu a nan. Daga Maris zuwa Mayu garin kan wuce digiri 40, ruwan tankin da ke falo marar AC kuma ya haura 30 ba tare da kowa ya lura ba. Ruwan gishiri dama bai kai ruwan daɗi riƙe iskar oksijin ba, yana ƙasa da shi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ruwan zafi kuma ya fi rashin riƙe ta, alhali a lokacin ne jikin kifin ya fi bukatarta. Sai a ɗauke wuta da ƙarfe biyun dare, famfo ya tsaya, fuskar ruwa ta kwanta lumui. Kafin kiran asalatu babban kifi ya tafi, ƙananan suna sama suna haki. Shi ya sa ba ma karɓar aikin tankin gishiri sai famfon da ke juya ruwa yana kan inbata ko sola. Famfunan matsakaicin tanki ba su cin wuta sosai, wat 50 kan ishe su. Muna kuma ajiye ƙaramin injin iska mai batir a gefe. Ƙaramar fanka da ke busa fuskar ruwa tana sauke digiri biyu zuwa uku, musamman a busasshiyar iskarmu. In abu ya ƙazanta a saka gorar roba mai ƙanƙara, a rufe, tana yawo a sama. Kada a jefa ƙanƙarar kasuwa tsirara a ciki. Na'urar sanyaya ruwa ita ce maganin gaskiya, sai dai tana jan wuta da yawa. Da hunturu kuma lamarin juyawa yake, daren Disamba da Janairu na bukatar hita.

Fankar nan tana da nata sharri. Ruwa ne ke tashi ya bar gishiri a baya. Tankin lita 300 in ya yi asarar lita 30, gishirinsa ya tashi daga 35 zuwa kusan 39. Kuskuren da masu aikin gida suka fi yi shi ne su cike giɓin da ruwan gishiri, su ƙara gishiri kan gishiri. Abin da ya ƙafe da ruwan daɗi ake mayar da shi, tatacce daga na'urar tace ruwa ta RO, kullum, kaɗan-kaɗan. Muna zana layi da maka a jikin gilashi mu ce wa yaron gidan: nan ruwa zai tsaya, safe da yamma. Ruwan gishiri sai ranar canji, kashi goma cikin ɗari duk mako. A jarka mai lita 25 ana zuba kusan giram 900 na haɗaɗɗen gishirin teku, a bar shi ya kwana famfo yana juya shi, a auna kafin a zuba. Gishirin girki ba ya wannan aiki. Ruwan teku yana ɗauke da magnisiyom kusan miligiram 1,300 a lita da kalsiyom sama da 400, da wasu sinadaran da ke riƙe pH, babu su a gishirin miya. Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, na burtsatse kuma ba wanda ya san abin da ke cikinsa sai an auna.

Akwai tambayar da muke yi wa uwar gida kai tsaye, don ita ta fi sanin abin da ya faru a falo: "Hajiya, an fesa maganin sauro jiya?" Fiya-fiya da magungunan feshi guba ne ga kifi, injin iska kuma daga ɗakin yake zuƙo iska ya tura cikin ruwa. Kafin feshi a kashe injin iska da na'urar da ke fitar da datti ta hanyar kumfa, a bar famfon cikin ruwa yana aiki, a lulluɓe tankin, a buɗe tagogi kafin a sake kunnawa. Kaskon turaren wuta ma a nisanta shi. Hannu mai man shafawa ko turare ko sabulu kada ya shiga ruwan.

In an gano cuta ce, a nan haƙurin mai tanki ke shiga gwaji. Ƙwayar farin ɗigo tana cin jikin kifi kwana uku zuwa bakwai, ta faɗo kan yashi da duwatsu ta naɗe kanta, ta hayayyafa, ɗaruruwan 'ya'ya su fito neman sabon kifi. Shi ya sa ɗigon kan ɓace mutum ya ɗauka an warke, bayan mako biyu ya dawo ninki. Sai an kwashe duk kifin da ya rage zuwa wani tanki an yi musu magani a can, babban tanki kuma ya zauna ba kifi ko ɗaya har kwana 72 zuwa 76, lissafin da masu wannan kiwo suke bi, ƙwayar ta mutu da yunwa. Maganin jan ƙarfe da ake amfani da shi ba ya shiga babban tanki, domin yana kashe jatan lande da dodon koɗi da murjani mai rai, duwatsu kuma su shanye shi su riƙa sakinsa daga baya. Ana ba da shi ne da ma'auni a hannu, don tazarar da ke tsakanin magani da guba siririya ce.

Sai an gama duk wannan muke zama maganar magaji.

Wanda zuciyarsa ta kafe a kan siffar mai rawani, muna nuna masa mai tuta, Heniochus. Daga ƙofar falo baƙo ba zai bambance su ba: fari da baƙi, ga doguwar jela a baya. Na kusa zai ga wutsiyar mai tuta ruwan ƙwai ce, ta mai rawani baƙa, bakin mai tuta kuma ya fi gajarta. Ba ma dangi ɗaya ba ne. Bambancin da ya dame mu shi ne ci. Mai tuta yana karɓar daskararren jatan lande ƙanana, da yankakken naman jatan lande, har da ƙwayoyin abincin gwangwani, yawanci cikin kwanakin farko. Iri biyu suka fi zuwa kasuwa. Acuminatus yana kai santimita 25 kuma yana tsattsagar murjani. Diphreutes ya ɗan fi ƙanƙanta, a tsakiyar ruwa yake kama abincinsa, ya fi zama lafiya da murjani. Dukansu suna son fili, ba ma saka su a tankin da bai kai lita 450 ba.

Tankunan mutanenmu kuwa yawanci lita 150 ne zuwa 300, saboda haka abin da muka fi ba da shawara shi ne ɗan kifin nan mai ruwan lemo da zane fari uku, Amphiprion ocellaris, amma wanda aka ƙyanƙyashe a gona, ba kamun teku ba. Wannan sharaɗi ya fi launin muhimmanci. Kifin gona ya buɗe ido da abincin gwangwani, ya saba da gilashi da hannun mutum, bai sha doguwar hanyar masunta da dillalai ba. Ya kuma tsira daga abin da aka daɗe ana kuka da shi a wasu yankunan Filifin da Indonisiya, inda wasu masunta ke fesa gubar sayanaid a ramukan murjani don su sumar da kifi. Irin wannan yana isowa da kyan gani, ya faɗi matacce bayan 'yan makonni ba tare da wata alama ba. Mai ruwan lemon ba ya wuce santimita 11, yana iya rayuwa sama da shekara goma. A sayi biyu ƙanana, ɗaya ya ɗan ɗara ɗaya. Babban zai juye ya zama mace, su zauna tare. Za a iya haɗa shi da Gramma loreto na tekun Karibiyan, gabansa shunayya bayansa ruwan ƙwai, guda ɗaya tak a tanki, da ramin dutse na ɓuya. Shuɗin nan mai wutsiya ruwan ƙwai, Chrysiptera parasema, yana da jure wahala ƙwarai, sai dai mafaɗaci ne. In ya riga kowa shiga zai ɗauki tankin gadon ubansa, don haka shi ake sakawa a ƙarshe. A sa murfi, kifin teku yana tsalle in ya firgita.

Mutanen Kabi sun san kifi tun kaka da kakanni, wanda ya tashi a Argungu ko Yawuri ba a koya masa gane lafiyayyen kifi. Wannan idon muke so a yi amfani da shi. Kafin mu biya dillali a Legas sai ya turo bidiyon kifin yana ci, a ranar, kuma ya tabbatar ya yi aƙalla mako biyu a hannunsa. Ido garau, ciki a cike, numfashi a natse, ba ya goga jiki a dutse. Matsakaici muke zaɓa, don ƙarami ainun ba ya jure tafiya, babba kuma ya riga ya kafe a kan abincin teku.

Ranar isowa ana ɗora ledar a rufe a kan ruwa minti 15 zuwa 20 don zafi ya daidaita. Kifin da ya kwana a leda daga Legas ba a jan lokaci da shi bayan an buɗe. Numfashinsa ya sauke pH na ruwan ledar, hakan ya danne dafin amoniyar da ya tara. Da zarar iska ta shiga pH ya tashi, dafin ya farka. Saboda haka muke tambayar gishirin ruwan dillali tun kafin a turo, mu daidaita namu da shi, mu ɗauke kifin da hannu ko ƙaramin kofi mu zubar da ruwan ledar.

Ba babban tanki yake shiga ba. Tankin killacewa ne na lita 60 zuwa 80, babu yashi, da guntayen bututun roba na ɓuya da matatar soso da ta riga ta daɗe a tsohon ruwa, har mako huɗu. Abinci sau biyu a rana, abin da zai cinye cikin minti biyu, a zuƙe saura da siririn tiyo. Abincin tarwaɗa na buhu kada ya kusanci tankin, maiƙonsa yana ɓata ruwa. Daskararren abincin da ya narke saboda rashin wuta ya sake ƙanƙara a zubar da shi. Idan mako huɗu ya cika ba ɗigo ba haki, sai a mayar da shi babban tanki da yamma an rage fitila, a bar mako biyu zuwa uku kafin a ƙara wani, don ƙwayoyin bakteriyar da ke cinye amoniya a duwatsu da matata su kai ga ɗaukar ƙarin kashin.