Gilaikoforin A da antibodin da ake neman sa da shi

A bawon kowace jar ƙwayar jini ta ɗan Adam akwai furotin da ake kira gilaikoforin A, wanda a ɗakin gwaji muka fi kiransa da lambarsa, CD235a, kuma ƙwaya guda tana ɗauke da kusan miliyan ɗaya daga cikinsa. Yawansa, da rashinsa a fararen ƙwayoyi, su suka sa muke dogara da shi wajen tabbatar da cewa ƙwaya daga zuriyar jajaye ta fito, ko a jini ko a ɓargo. Ido ba ya ganinsa ko da madubin ƙara girma, sai an aika masa antibodi, wato furotin na garkuwar jiki da yake manne wa abu takamaimai, wanda aka shafa wa rini mai ƙyalli.

A 1927 Karl Landsteiner da Philip Levine suka yi wa zomaye allurar jinin mutane, suka gano rukunin jini na M da N, wanda daga baya aka fahimci cewa a kan wannan furotin yake, kuma bambancinsu bai wuce amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) biyu ba, na 1 da na 5, cikin 131. A 1975 kuma Georges Köhler da César Milstein a Kambirij suka samar da hanyar yin antibodi iri ɗaya tak daga ƙwayoyin ɓera, wanda shi ne irin da muke saye yau a 'yar kwalba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake karɓar abin da aka rubuta a jikin kwalbar ba tare da bin diddigi ba. Gilaikoforin A yana da ɗan'uwa, gilaikoforin B, dukansu ƙwayoyin gadonsu suna kan kuromosom na 4, kuma amino asid 26 na farkon B daidai suke da na A nau'in N. Saboda haka antibodin da yake kama wannan farkon furotin, wato kansa, irin su HIR2 da aka sani sosai, yana kama su biyun, ko da kwalbar ta ce CD235a kawai. Wanda yake son A shi kaɗai sai ya nemi wanda yake kama tsakiyar ɓangaren waje, inda B ba shi da komai makamancinsa.

Akwai kuma batun tsinkawa. Karon farko da na zuba antibodi gwargwadon yadda nake yi wa fararen ƙwayoyi, cikin 'yan mintoci na ga jinin ya dunƙule a gindin bututu kamar gudajin kunu, domin kowane antibodi hannu biyu gare shi, yana riƙe ƙwaya nan yana riƙe wata can. Na'urar ƙidaya ta ɗauki kowane dunƙule a matsayin ƙwaya ɗaya, aikin yini ya tafi. Sai da na jera bututu shida ina tsinka shi mataki-mataki kafin na samu ma'aunin da yake haskaka ƙwayoyin ba tare da haɗa su ba.

Wannan tsantseni ya fi muhimmanci ga masu binciken zazzaɓin cizon sauro, domin ƙwayar cutar falsifarum tana amfani da furotin nata, EBA-175, ta riƙe gilaikoforin A kafin ta kutsa cikin jar ƙwaya. A 2017 aka nuna cewa wani nau'in gilaikoforin mai suna Dantu, da ake samu a Gabashin Afirka, musamman gaɓar tekun Kenya, yana rage haɗarin zazzaɓi mai tsanani da kusan kashi 40 cikin ɗari. Dantu gauraye ne: wajensa na B, cikinsa na A. Antibodin kai zai kama shi tare da A da B duka, na wutsiyar ciki zai kama shi tare da A, na tsakiya kuwa zai tsallake shi gaba ɗaya. Shi ya sa duk wanda ya kawo mini sakamako a kan jajayen ƙwayoyi, kafin in duba zanen nakan tambaye shi lambar antibodin da ya yi aiki da shi da kuma wurin da yake kamawa.