Fiƙar da ta ƙi fitowa

Iyaye, in yaro ya kai shekara 12 ko 13 fiƙarsa ta sama ba ta fito ba, ta yarinta kuma ta ƙi famfarewa, don Allah kar a ce ai za ta fito da kanta. Wani lokacin kwance take cikin ƙashi ta wajen ganda, tana cin saiwar haƙorin kusa da ita shiru, ba ciwo ba komai, sai an ɗau hoto ake gani. In an gano da wuri, cire ta yarintar kaɗai kan buɗe mata hanya. In an makara kuwa sai tiyata, likita ya buɗe dasashi ya manna mata 'yar sarƙa a ɗaura jikin wayar gyaran haƙori ana ja kaɗan-kaɗan, abin sai haƙuri fa, yakan haura shekara.