Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daminar da babur ɗin Baffa ya ƙi tashi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wancan makon na tsaya ne a inda Baffa ya ɗauke ni daga gidan Inna bayan rasuwar mahaifinmu ya kai ni Sinnar wajen Usta, wato maigidana makanike, koyon kanikanci. Na so yau in yi maganar aurena na farko, amma wlh tun jiya maganar babur ɗin nan ke min yawo a kai, gara in fitar da ita in huta. Ga 'yan uwanmu na Najeriya da Nijar, in mun ce babur a nan Sudan ba mai ƙafa biyu muke nufi ba, tarakta ce.

Namu Massey Ferguson 135 ne, ƙarami, ja, inji Perkins mai silinda 3, batir 12 bolt. Kwance Baffa ya saye shi, shekara biyu bayan yunwar 1984, da kuɗin riɗi da 'yan gwalagwalan matan gida, har awarwaron Inna yana ciki, shi ya sa ban taɓa kallonsa a matsayin kayan Yaya, babban ɗan Baffa, shi kaɗai ba duk da shi ke riƙe makulli.

Daminar 1988 ce, wadda ruwa ya ci Khartum a watan Agusta. Mu tun Yuli muka bar garinmu Maiurno muka tafi gona ta wajen Mazmum. Wanda ya san baƙar ƙasar can ya san ba ta jiran kowa, in ruwa ya sauka da ƙarfi laka ce mai riƙe taya, kwanakin da za ka shiga ka yi shuka ƙidayayyu ne. Ranar wata Talata da safe Yaya ya hau, ya murɗa makulli, sai ji muka yi "tak". Ya sake, "tak". Shikenan. Ko juyowa bai gama yi ba ya ce ni ne, wai ni ke jona rediyo a batir da dare ina jin BBC. A gaban 'yan aiki ya faɗa. Na ce Yaya ka bar ni in duba, shekarata biyu wajen Usta. Ya ce kai yaro sauka, wanke sifana aka koya maka.

Usta yana da magana ɗaya da ba ya gajiya da ita, ruwa ba ya tsami banza. In mota ta zo ba ya bari ka taɓa sifana sai ka faɗa masa me ka ji, me ka gani, wane wari ka shaƙa. Yakan ce ƙarfe ba ya ƙarya kuma ba ya fushi, in ya tsaya akwai dalili, kuma dalilin yawanci mai araha ne, mutane ne ke son fara sayen mai tsada. Allah ya jiƙan Usta. Bayan shekaru da na je Jidda aiki a gareji na ga masu kwamfutar duba mota suna canza kaya ɗaya bayan ɗaya a kuɗin mai mota, a raina na ce ku da kun zauna da tsohon nan wata guda.

Toh Yaya ya tafi ya sayo sabon batir. "Tak". Sai ya kawo wani makanike, ba zan faɗi ko daga ina ba, mutumin ya kwance sitata, abin da ke juya inji ya tashi, ya tafi da ita gari, kwana 4 muna zaune muna kallon hadari yana haɗuwa maƙwabta suna shuka dawa. Ya dawo ya ɗaura ya karɓi kuɗinsa, aka murɗa makulli, wannan karon ko tak ɗin ma babu. Ya ce ai waya ce ta ƙone a ciki sai ya sake dawowa. Daren nan Baffa bai ci tuwo ba.

Da kowa ya kwanta na ɗauki tocila. Abu na farko, wannan babur ba ya karɓar makulli sai ƙaramar sandar giya, ta mai sauri da mai nauyi, tana tsakiya a kan harafin S, akwai wani ɗan makunni a jikin akwatin giya da ke tsare wuta don kada ya tashi cikin giya ya taka mutum. Sandar tana daidai, amma da na bi wayar da hannu sai na tarar ɗaya ta fita daga bakinta, makaniken ne ya fizge ta garin ɗaura sitata. Na mayar. Tak ya dawo, har na ji daɗin jin sa. Na san wasu za su ce me ya hana ka haɗa bakin sitata da sukuddireba kawai. Usta ya hana mu har da rantsuwa, kuma daga baya a Gadarif na ga yaron da babur ya bi ta kan ƙafarsa ta wannan hanyar, yana tsaye gaban tayar baya babur na cikin giya. Kar ku yi, don Allah.

Sai na kunna fitila na murɗa makulli, fitilar ta dushe kaman za ta mutu. Batir sabo, sitata an ce an gyara, to wuta tana maƙalewa ne a hanya. Fitila wuta kaɗan take ci, ko ta waya mai tsatsa za ta samu rabonta, amma sitata ɗaruruwan amfiya take ja lokaci guda, ƙaramin datti ya isa ya shaƙe ta. Yanzu da mita nake aunawa, cikakken batir 12.6 yake nunawa, in ana ba shi wuta ya faɗo ƙasa da 10 akwai magana. A lokacin ba ni da mita, tafin hannu ne mitata. Na riƙe makulli 'yan daƙiƙu na saki, na bi manyan wayoyi ina taɓawa. Kan batir sanyi. Ta sitata sanyi. Wayar da ke sauka daga batir ta kama jikin ƙarfe, wajen notin, zafi har na janye hannu. Na kwance, ƙarƙashinta tsatsa ce da wani koren gari, rabin zaren wayar ya cinye. Na dafa ruwa na jiƙa kanwa na wanke, na kankare ƙarfen har ya yi fari, na yanke ruɓaɓɓen na ɗaure tam. Tsohon batir ɗin da aka ce ni na kashe, shi na mayar da gangan.

Injin ya juya. Ya juya da ƙarfi amma bai kama ba, ashe garin lalube sun kwance filtar jas, wato man dizal, iska ta shiga. Wannan ba wuya, na sassauta notin fitar da iska na dinga danna ɗan hannun famfon mai har kumfa ta ƙare, na sassauta bututun nozul na ba shi wuta jas ya fito, na ɗaure. Ana kiran assalatu ya tashi. Baffa ya fito da buta a hannu ya tsaya yana kallona, bai ce komai ba.

Farin cikin bai kai hantsi ba. Muka ɗaura garma, na ja hannun haidirolik, hannuwan baya suka ɗan yi rawa suka tsaya. Nan take Yaya ya samu abin faɗa, ka gani ko, ya taɓa da dare ya lalata. Na cire ƙafa daga kuloci gaba ɗaya, don in ka take shi har ƙasa famfon ma tsayawa yake, duk da haka shiru. Na zaro sandar awon man baya, wlh kaman kunun gyaɗa, fari-fari. A irin wannan babur man giya da na haidirolik ɗaya ne, famfon a cikinsa yake zaune, in ruwa ya shiga sai ya zama kumfa da dagwalo ya toshe rariyar famfo. Ta ina ruwa ya shiga? Robar da ke rufe gindin sandunan giya ta yage tun rani, na faɗa wa Yaya sau biyu a Maiurno, kuma kwanakin nan da ake jiran sitata babur a fili ya kwana ruwa na dukansa, tamfol ɗin an rufe buhunan iri da shi. Na nuna wa Baffa man a yatsana na ce Baffa ruwa ba ya tsami banza. Ya dubi robar, ya dubi ɗansa, ya ce to a sayo mai.

Muka tsiyaye tsohon, na buɗe murfin gefe na ciro rariyar na wanke da jas, na yanka tsohon tiyub na ɗaure gindin sandunan. Da sabon mai ya shiga garma ta ɗaga sama kaman ba ita ba. Kwana 7 muka rasa, ɓangaren gonar da ke kwari ba mu shuka shi ba a shekarar sam, ruwa ya riga mu.

Abin da ya tsaya min har yau, da muka koma gida na ji Yaya a ƙofar masallaci bayan la'asar yana cewa makanikensa ne ya gyara, yaron nan ya kusa jawo mana asara. Baffa yana zaune a wurin da carbi. Ya san gaskiya, da idonsa ya gani, bai ce uffan ba. Na sani ɗansa ne na fari, na sani ba a kunyata babba gaban jama'a, duk na sani. Amma ni maraya ne a gidan, kalma ɗaya ta ishe ni. Shekarar da zai rasu ya kira ni ɗakinsa ya miƙo min makullin babur ɗin ya ce riƙe, kai ka san ciwonsa. Na karɓa da hannu biyu ina jira ya ƙara wani abu, sai ya ce in turo masa Inna da ruwan zafi.

Yaya yana raye, 'ya'yansa suna karanta abin da nake rubutawa, kuma ban ƙara ko wasali ba. Mako mai zuwa in sha Allah maganar auren.