TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 9: Yaran makarantar da suka girgiza Ikko da jita

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan makon na tsaya ne a inda Kawu ya ɗauko ni daga gida ya kawo ni unguwar Obalande a Ikko na riƙa tayashi sana'ar tsire, toh yau zan ɗan karkata zuwa maganar kiɗa, dan in ban faɗe ta ba baza ku gane yadda akayi ɗan mai tsire ya ƙare a shagon gyaran rediyo ba.

Obalande a 1973 ba kaman yanzu bace. Yaƙi ya ƙare tun Janairun 1970, Gowon na zaune a barikin Dodan nan kusa damu, sojoji ko ina kuma da kuɗi a aljihu, naira ma a shekarar ta fito ta maye gurbin fam. Da yamma in muka hura wuta zaka ga soja da ma'aikaci da ɗalibai duk sun zagaye tukuba, cikin ɗaliban harda yaran St Gregory, makarantar mishan ce tsohuwa tun 1928, ƴaƴan masu hali ne yawancinsu, su sayi tsire su tsaya suna ci suna gardama akan makaɗan turai.

Toh daga cikin wannan makarantar ne makaɗan nan da ake kira Ofege suka fito. Yara ne ƴan sakandare wallahi, gemu ma bai fito musu ba. Melvin Ukachi shine mai waƙa kuma yana riƙe jita, Paul Alade na kan jita mai kaurin murya, Felix Inneh shima jita, Dapo Olumide na danna ogan, Mike Meme kuma ganguna. Odion Iruoje na kamfanin faifan waƙa na EMI shi ya ɗauke su ya kaisu situdiyo a Apapa, ya haɗasu da Berkley Jones na ƙungiyar BLO wanda ya riga ya zaga turai da Amurka tare da Ginger Baker mai ganga ɗan Ingila, shi ya kaɗa babbar jitar a faifansu na farko mai suna Try and Love. Wasu na cewa ai da babu Berkley da faifan baiyi armashi ba, ni ban yarda ba, hannunshi ya ƙara gishiri kam amma waƙoƙin na yaran ne, muryar ma ta yara ce, kana ji kasan basu gama girma ba kuma abinda yasa matasa suka rungume shi kenan.

A gidan wani kofur ɗan ƙasarmu na fara jin faifan, ni nake kai mishi tsire duk daren Asabar. Yana da radiyogiram babba mai ƙafafu da ya lulluɓe da kyalle mai ado, faifan Shata da na Ɗan Maraya jere a gefe, sai ga wannan a tsakiyarsu. Ya goge shi da hannun riga ya ɗora allura, ƙaran ƙas-ƙas ɗin nan ya fara, sai jita ta shigo da wata irin murya mai kaushi tana ja tana lanƙwasa kamar kukuma a hannun gwani. Na ce mishi yallaɓai lasifikarka ta yage, yace a'a ɗan Kawu haka suka so ta fita, da gangan ne. Maganar nan ta hanani barci, ta yaya mutum zai ɓata sauti da gangan kuma yayi daɗi haka?

Sai bayan na shiga koyon gyara na ga sirrin da idona. Wani ɗan akwati ne da bai wuce tafin hannu biyu ba, mai jita na takashi da ƙafa, a ciki tiransista biyu ko uku ne kawai da ƴan ƙananan kaya da batir. Sautin jita na shiga su ƙara mishi ƙarfi fiye da abinda zasu iya ɗauka, sai kan sautin ya yanke, yankewar nan itace kaushin da kake ji. Akwai kuma wanda ake lilo dashi da ƙafa gaba da baya, jitar ta riƙa wa-wa-wa. Manyan makaɗan jita irin su Jimi Hendrix da Santana su suka yaɗa wannan salo, a can Amurka da Ingila an alaƙanta shi da shaye-shayen ƙwaya da fitilu masu juya kai, amma da ya iso Ikko sai aka ɗora shi akan gangar gida, kiɗan ya zama na rawa, shiyasa ko wanda baya jin turanci sai kaga yana gyaɗa kai.

Kawu bai so ba ko kaɗan. Cewa yake kai yaro ba kiɗa na kawoka saurare ba, uwarka amana ta bani. Kuma yana da gaskiyarshi, Ikko na cinye yara. Amma da ya ga ba gidan rawa nake zuwa ba, gindin teburin wani mai gyara nake zama ina kallon yadda yake narka dalma yana like waya, shi da kanshi ya je yayi min magana aka ɗaukeni. Allah ya jiƙan Kawu. Lokacin kuma ya dace, kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati tayi wa ma'aikata, sun faɗo a 1975, kowane ma'aikaci ya sayi radiyogiram ko kaset, aiki har yafi ƙarfinmu.

Su kuwa Ofege basu daɗe ba. Sun fitar da The Last of the Origins a 1976, Higher Plane Breeze a 1977, sai How Do You Feel a 1978, kiɗan na ta komawa disko, daga nan karatu ya rabasu kowa ya kama gabanshi, dama iyayensu ba makaɗa suka so su zama ba. Dapo Olumide ya zama matuƙin jirgin sama har ya shugabanci kamfanin Virgin Nigeria. Paul Alade ya rasu a Amurka a 2020 lokacin korona, ranar da naji labarin nan jikina yayi sanyi sosai. Abinda ke min ciwo shine a gida aka watsar da faifan nan, ruwa ya ci wasu gara ta ci kwalayen, sai da kamfanin Soundway na Ingila ya saka su cikin tarin Nigeria Rock Special a 2008 sannan aka fara tuna su, yanzu turawa ke farautar tsohon faifan da kuɗi masu kauri, jikana kuma a YouTube ya nemo min shi.

Mako mai zuwa in Allah ya kaimu zan baku labarin safiyar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, ranar da aka kashe Murtala, ina shago da rediyon wani soja a buɗe a gabana lokacin da muryar Dimka, sojan da ya jagoranci yunƙurin juyin mulkin, ta fito.