Allurar zafin baƙin mai bayan an taɓa inji: abin da aikin rewaya ya koya mini

Motar da aka sauya wa inji ko aka ƙara wa wani abu, idan allurar zafin baƙin mai ta fara hawa ja, hankalin kowa kan inji yake komawa. Mai mota ya ce bakanike ya cuce shi da ruɓaɓɓen inji, bakanike ya fara maganar gasket da famfon mai. Ni kuwa aikin rewaya ya koya mini cewa ba a kwance ko noti ɗaya sai an tabbatar allurar gaskiya take faɗa. Allura ba ta taɓa mai. Saƙo take karɓa daga sensa, ta cikin waya, kuma duk wanda ya cire inji ya mayar, dole ya taɓa wannan hanyar ko bai yi niyya ba.

Sensar zafin mai ƙaramar aba ce, kuma aikinta ɗaya: idan ta yi zafi sai ta ƙara sakin wuta ta wuce, idan ta huce ta riƙe. Irin ta Bosch da ke cikin motocin Turai da yawa, idan ka ɗora mata mita a zafin digiri 20 za ka ga wajen om 2,500 (om shi ne ma'aunin yadda take riƙe wuta), a digiri 80 ta sauko ɗari uku da 'yan kai, a digiri 100 ta gaza ɗari biyu. Wanda ya riƙe wannan zai iya karanta matsala tun daga kujerar direba. Waya ta tsinke, allura za ta kwanta ƙasa, kwamfutar gwaji ma sau da yawa ta nuna digiri 40 ƙasa da sifili, a tsakiyar zafin Afrilu. Waya ta narke a jikin salansa ta taɓa ƙarfe, allura za ta buga ƙarshe da zarar an murɗa makulli, inji na sanyi. Waɗannan biyun ba su da wuya, yaron shago ma zai gano su. A motocin da ke da biren bos, wato kwamfutar mota, lambobin matsala P0195 zuwa P0198 duk maganar wannan sensar suke yi.

Mai wuyar ita ce allurar da ke yin ƙarya kaɗan, yadda za a yarda da ita. An taɓa kawo mana wata Golf da aka ɗora wa injin tokumbo, aka ƙara mata ɗan lagireton sanyaya mai da agogon zafi na kasuwa a kan dashbod. Da rana allura tana wajen 105, lafiya lau. Da dare a hanya kuwa sai ta haura 130, mai motar ya faka a gefen titi yana jiran inji ya huce. Kafin ya zo wurinmu an riga an sauya masa mai, an wanke lagireto, an ce saura a buɗe kan inji. Ogana ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, da dare ne kawai take yi?" Ya ce ƙwarai. Oga ya juyo gare ni: "Tayar da ita, ka kunna fitila da fanka, idonka a kan allura." Ina kunnawa allura ta yi tsalle sama, ina kashewa ta dawo. Baƙin mai lita huɗu ba ya ƙara digiri ashirin cikin ƙiftawar ido, kuma ba ruwansa da fitila.

Dalilin yana cikin wayar at, wato kakkaurar wayar nan da ke haɗa jikin inji da bodin mota. Sensa mai waya ɗaya ta jikin inji take samun negetif ɗinta, agogon kuwa an ɗaure nasa a bodi, bayan dashbod. Idan inji na aiki, wutar da altaneto ke ba fitila da fanka ta bodi take dawowa, ta bi wannan wayar ta koma inji. Waɗanda suka ɗora injin sun ɗaure ta a kan fenti, notin ma bai kama sosai ba. Sai aka samu bambancin wuta tsakanin inji da bodi, agogo ya ɗauki wannan bambancin a matsayin zafi. Mun ɗora mita tsakanin jikin inji da bodi, fitila a kunne, muka ga bambancin wuta fiye da rabin bolt, alhali bai kamata ya wuce 0.2 ba. Aka kankare fentin, aka ɗaure da kyau, allura ta daina kula fitila. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kuɗin da mutumin ya riga ya kashe, da kuma lafiyayyen injin da ya kusa shan kwancewa.

Farin tef ɗin nan na masu aikin famfo yana jawo kishiyar wannan. A naɗe haƙoran sensa mai waya ɗaya da shi don kada mai ya ɗiga, sai ya raba ta da jikin inji, allura ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Wannan ya fi ba ni tsoro, domin direba yana tafiya hankali kwance alhali mai na dahuwa.

Sai haɗin gambiza. A sayi agogo daga wani shago a Ƙofar Ruwa, sensa daga wani, don kawai haƙoranta sun shiga ramin. Kowane agogo da sensar da aka yi shi dominta. Ko a kamfani ɗaya kamar VDO, sensar agogo mai ƙarewa a 120 daban take da ta mai ƙarewa a 150. Haka idan injin da aka ɗora na wata shekara ne dabam, sensar da ya zo da ita ba lallai ta dace da dashbod ɗin motar ba. Gwajin da na fi yarda da shi ba ya cin kuɗi: a ciro sensa, a bar wayarta, a haɗa jikinta da negetif, a tsoma bakinta cikin ruwa mai tafasa, a duba allura. A tuna dai ruwa a digiri 100 yake tafasa a bakin teku. A Kano wajen 98 ne, a Jos kuma saboda tudu wajen 96. Idan allura ta nuna 115 ko 80, magana ta ƙare.

Wurin da aka ɗaura sensa ma yana sauya lissafi. Man da ke kwance a ƙasan inji, da wanda zai shiga lagireton sanyayawa, da wanda ya fito daga ciki, zafinsu ba ɗaya ba ne. Mutum ya saba ganin 110, an ƙara masa lagireto an mayar da sensa bayansa, ya ga 90 ya yi murna, ko a yi akasin haka ya firgita. Shi ya sa nake tambayar duk wanda ya kawo irin wannan aiki: ina sensa take a da, ina take yanzu?

Wani lokaci kuma allurar ba ta yi ƙarya ba. Mai yakan yi jinkirin zafi fiye da ruwa, sannan ya zauna tsakanin 90 da 110. Idan ya hau a hankali, ya ƙaru a hawan tudu ko da kaya, ya sauko idan an sassauta, kuma na'urar auna zafi ta hannu da aka haska a jikin filta ta ba da lamba kusa da ta agogo, to zafin na gaske ne. Na ga wadda aka ɗaura wa lagireton mai a bayan bamba inda iska ba ta ratsawa, an kuma lanƙwasa tiyo ɗaya har mai ba ya wucewa sosai. A nan sai na rufe akwatin mita, in kira bakanike in nuna masa lambobin da na auna, sauran aikin nasa ne.