Labarin Hajara ya wuce rabi: takaba, tsofaffin kuɗi da kwalin da ke bango

'Yan uwa abokan koyo, barkanmu da warhaka. Littafin nan da nake ta ba ku labarinsa ya wuce rabi, kuma a wannan zangon kalanda ce ta karɓi akalarsa daga hannuna. Ga wanda bai ji farkon zancen ba, labarin Hajara ne, amarya a gidan wani ɗan kasuwar hatsi mai rumfa a Dawanau. Maigidan ya rasu cikin Nuwamban 2022, ita da uwargidanta Hajiya Binta suka shiga takaba. Ran nan cikin hunturu ta shiga sito ɗibar gero, hannunta ya taɓo leda a gindin buhu. Kuɗi ne bandir-bandir, 'yan dubu-dubu da 'yan ɗari biyar-biyar, tsofaffi, a daidai lokacin da gwamnati ta ce kwanansu ya kusa ƙarewa.

Wanda ya ɗora labarinsa a kan wannan lokaci ya ɗauko wa kansa aiki, don duk mai karantawa ya sha wahalar da jikinsa, ba ka isa ka yi masa ƙarya ba. Shi ya sa na samu kwali na liƙa a bango, na jera ranakun. Ranar 26 ga Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000. Sababbin suka fara fita ranar 15 ga Disamba. Aka ce daga 31 ga Janairun 2023 tsofaffin sun daina aiki, da wa'adin ya matso aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli. Ranar 16 ga Fabrairu Shugaba Buhari ya yi jawabi ya ce tsohuwar ɗari biyu ce kaɗai za ta ci gaba da yawo. Ranar 25 aka yi zaɓen shugaban ƙasa. Ranar 3 ga Maris kotu ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin har ƙarshen shekara. A ƙasan wannan jeri na ja layin gidan su Hajara. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, in maigida ya rasu wajen 10 ga Nuwamba, fitarsu za ta faɗo wajen zaɓen gwamna na 18 ga Maris, saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi. Ke nan duk wannan badaƙala za ta same su ne suna zaune a cikin gida.

Rabin ranakun nan ba za su fito a littafin ba, tunda ba tarihi nake rubutawa ba. Hajara a rediyo take tsintar zance, ko a bakin almajirin gidan da aka aika sayen manja ya dawo da kuɗin a hannu, ya ce mai kanti ya ce ba ya karɓar irinsu. Amma ni dole in san ranar da yaron ya dawo ɗin, in san ko a makon nan ɗari biyu na karɓuwa ko ba ta karɓuwa, in kuma san ko akwai sauran sanyi da zai sa ya fita da rigar sanyi.

Ga yadda ƙullin yake. Kuɗin ba nata ba ne, na magada ne, kuma ba a raba gado ba. Abin da zai zo hannunta da na Hajiya tumuni ne, wato kashi ɗaya cikin takwas, su raba biyu, tunda akwai 'ya'ya. Ba ta da asusun banki, ba ta taɓa yin BVN ba. Asusu ɗaya ne tak a gidan, na Aminu, ɗan Hajiya na fari. In ta yi shiru, dukiyar marayu ta zama takarda. In ta faɗa, kuɗi sun tafi asusun ɗan kishiya, ba shaida ba rubutu, ita kuwa babban ɗanta bai wuce shekara bakwai ba. Ga kuma Malam Isa, ƙanin marigayi, wanda yara ke ce wa Baffa, yana ta zagaye-zagaye da maganar wani bashi da ya ce yana bin yayansa, shi kuwa bashi ana fitar da shi kafin a yi rabo.

A tsakiyar littafi Shaiɗan yake zuwa wa marubuci. Labari ya ɗan yi sanyi, sai ka ji ana raɗa maka: sa mota ta buge wani, kai Hajiya wurin boka, jefa wa yarinyar aljani. Ba na raina masu yin haka, na sha raba dare a kan irin waɗannan littattafai ina jin daɗi. Sai dai a nan in na mayar da Hajiya muguwa na kashe labarin, don mai karatu zai huta, ya san wanda zai tsana. Ina son ta a matsayin mace da ta rabu da mijinta na shekara talatin, wadda ta yarda da amanar ɗanta har zuciyarta, kuma mai yiwuwa ma tana da gaskiya. Baffa ma wataƙila da gaske yana bin bashin. Gidan da kowa ke da tasa gaskiyar ya fi gidan muguwar kishiya wuyar kwana.

Abin da ya fi cinye min lokaci a wannan zangon shi ne mai karatu ya riga ya san ƙarshen zancen kuɗin. Ya san ba su mutu ba. Bayan hukuncin Maris ma, a Nuwamban 2023 kotun ta sake cewa a ci gaba da amfani da su ba tare da wani wa'adi ba, ga su nan har yau muna cefane da su. To ta yaya gabansa zai faɗi a kan wa'adin da ya san ya wuce salin alin? Wata abokiyar rubutu da ta duba min babin ta ce wannan rauni ne, in canja labarin ya koma wani abu daban. Ban yarda da ita ba. A ganina nan ƙarfinsa yake, muddin na iya kame bakina. Mai karatu zai zauna yana kallon mace tana shirin yin abin da ba zai gyaru ba, tana shirin ɓata zaman lafiyar da suka gina da uwargida, saboda tsoron ranar da shi ya san za ta zo ta wuce. Yana son ya kira ta ya ce ki dakata, ba hali. Sharaɗin kawai shi ne kada mai ba da labari ya tsoma baki. Jimlolin nan da hannunmu ya saba da su, irin su "da ta san abin da zai biyo baya" ko "ashe ba ta sani ba", duk inda ɗaya ta ɓullo soke ta nake yi nan take. Iyakar sanin Hajara shi ne iyakar sanin shafin. Ranar 4 ga Fabrairu, a wurinta, saura kwana shida duniya ta tashi.

Ga ɗan guntu daga daren da ta fara yunƙurin faɗa wa Hajiya, ku ga abin da nake nufi:

Hajara ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama ƙasa-ƙasa.

"Yaya, kin yi barci?"

"Idona biyu. Shigo mana."

Ta shiga ta zauna a gefen tabarma, ba ta hau gado ba. Rediyo na ta magana, Hajiya ta miƙa hannu ta kashe.

"Saura kwana nawa ma suka ce?"

"Shida. Ke me ya dame ki da lissafinsu, mu da ba mu ajiye ba, ba mu ba wani ajiya ba?"

Hajara ta dubi ƙofa, ta gyara mayafinta.

"Yayan su Nana zai shigo gobe kuwa?"

"Shi wannan? Sai in ya samu mai. Tun shekaranjiya yake layi."

Ba a ambaci leda ba, ba a ambaci buhu ba. Hajiya ba ta kama sunan Aminu ba saboda ɗan fari ne, Hajara ma ta kewaye masa don kara. Wannan alkunya tana wahalar da mai rubutu, don in mutane uku suna magana a kan wanda ba mai faɗin sunansa, mai karatu na iya ɓacewa. Dabarar da nake yi ita ce kowa ya riƙe nasa laƙabin kada ya canja: Hajiya kullum "shi wannan", Hajara kullum "yayan su Nana", mai ba da labari shi kaɗai ke cewa Aminu.

Sai gaisuwa. Gidan rasuwa ne, kowa ya shigo sai an yi ya gida, ya yara, ya ƙarin haƙuri, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. In na rubuta duka littafin zai ninka, in na cire duka ba gidan Bahaushe ba ne. Yanzu ina barin gaisuwa ne kawai inda take aiki. Baffa in ya zo yakan tambayi sanyi sau biyu, ya koma kan lafiyar yara, ya tambayi mutanen ƙauye, duk don bakinsa ya yi nauyi a kan maganar bashi, wannan na bar masa ita cif. Ranar da Aminu zai shigo ya ce "ina kwana" a tsaye ya wuce ɗakin uwarsa, gajartar ita ce labarin. Sauran kuwa "suka gaisa" ya wadatar. Kuma ku riƙa karanta hirarku da ƙarfi. Abin da harshe ya yi tuntuɓe a kansa, ba mai faɗinsa a tsakar gida.

Wasu sun tambayi yadda nake samun lokaci. Bayan sallar Asuba ne, kafin gida ya tashi, a littafin 'yan makaranta da biro. Da daddare in akwai caji in kwafe a waya, kwafewar ita ce gyara na biyu, don abin da na ji ƙyuyar bugawa da yatsa galibi dama bai cancanci zama ba. Gboard na da Hausa, ku sa shi ku huta da neman ƙ da ɗ da ɓ. Duk babin da ya kammala ina tura wa kaina ta imel, waya ba abin dogaro ba ce.

Wannan littafin ban sake shi a WhatsApp ko Wattpad ba, kuma ba zan sake ba sai ya ƙare. Na san abin da na rasa. Sharhin masu karatu na tayar da mutum daga kasala, kuma kuɗin da ke shigowa daga masu biya ba abin yarwa ba ne. Amma shafin da ya fita ya fita, ba ka da ikon janyo shi. Labari mai kalanda kuwa kamar jeren kwanukan amarya yake, ka zaro na ƙasa sai na sama su biyo shi. In na matsar da ranar rasuwar da mako biyu, fitar takaba ta faɗa cikin azumi, babi biyar sun tashi aiki. Sannan akwai matsin lamba. Mutum biyu kacal suka ga rubutun nan, amma ɗaya har ta fara tambayar yaushe wani matashin mai kuɗi zai ɓullo ya share wa Hajara hawaye. Na ce mata baiwar Allah, takaba take yi, ba a neman aure a fili cikin idda. Da a zauren mutum ɗari biyu ne, ban san ko zan iya tsayawa a kan wannan amsa ba.

Babin da ke gabana shi ne wanda nake ɗoki kuma nake tsoro. Hajara ta faɗa, Aminu ya kwashi kuɗin ya kai banki. Mu masu rubuta labarin zamani kullum kukanmu shi ne waya ta kashe mana saɓani, kira ɗaya ya warware abin da a da zai ci babi uku. A watan Fabrairun 2023 kuwa waya da kanta ce matsalar. A tura kuɗi, a cire a nan, can alat bai shiga ba. Mai POS ya ce ba kuɗi, in akwai kuma sai ka sayi kuɗinka da kuɗi. A kan kanta a banki an ƙayyade naira 20,000 a rana, ita ma sai wanda ya yi sammako ya samu lamba. Saboda haka ranar da Baffa zai ce wa Aminu ya fito da dukiyar marayu a gani, zai amsa da cewa wallahi ba sa ciruwa. Gaskiya ce tsantsa, kuma ita ce daidai maganar da maci amana zai faɗa.

Na rubuta babin iri biyu. A ɗaya na bi Aminu har layin banki, ana ganin zufarsa da takalminsa da ya tsinke a turmutsitsi. Ya yi daɗin rubutawa, amma da an karanta shi an wanke yaron, Hajara ta zama mai zargin banza. Na ajiye wannan a gefe. Wanda zan ci gaba da shi yana tsakar gida ne daga farko har ƙarshe, Hajara na tankaɗe, tana jiyo muryoyin maza daga zaure, almajirin na kai ruwa yana dawowa da rabin magana. Kafin in kai babin rabo zan zauna da malamin da ya san lissafin gado, da jerin magadan a rubuce, maza nawa mata nawa, da mahaifiyar marigayi wadda har yanzu ban yanke ko tana raye ba, don in tana raye tana da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, kuma lissafin kowa ya sauya.